Sun Karɓe Bindigar Mijina, Sun Bar Ta Ɓarayi

Edita, ina yi maka sallama tare da duk mai karanta wannan shafi. Yanzu a cikin garin Daura nake zaune, amma ni ba 'yar birni ba ce. A lokacin da abin da zan faɗa ya same ni, matar manomi ce ni a wani ƙaramin ƙauye tsakanin Zango da bakin iyaka, inda in ka hau tudu kana hango gonakin mutanen Nijar. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ina yi a gida dillaliya tana kai mini kasuwa. Muna zaune da 'ya'yana, da surukata tsohuwa wadda duk muke ce wa Inna, sai ƙanen maigidana da matarsa a sashen baya. An ɗaura mini aure a shekarar da ake ta murnar ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kuma ban manta yadda maigidana Malam, yana ango, ya hau motar kasuwa ya tafi wajen taron ba. Ya dawo muryarsa ta dushe saboda kabbara, yana ce mini daga yau ɓarawo ya shiga uku, talaka zai kwana ƙofarsa a buɗe. Haka Allah Ya yi shi, mutum ne mai yarda da hukuma har cikin zuciyarsa. Ko sanarwar rigakafin dabbobi aka yi, shi ne na farko a ƙofar gidan mai unguwa da shanunsa.

Malam yana da bindigar toka, doguwa, gindinta naɗe da fata, wadda ya gada daga mahaifinsa. Ba a ɓoye take ba. Mai unguwa ya san da ita, dagaci ya san da ita, kuma yana da takardar izinin riƙe ta. A ɗakinsa take rataye can sama inda hannun yara ba ya kaiwa, albarushin kuwa a wani wuri dabam yake ajiye shi wanda ni kaina ban sani ba. Duk shekarun da na yi a gidan nan, abin da na san ta kashe shi ne zabin daji, da zomo, da wani dila da ya addabi 'yan raguna. Ya sha yin faɗa da mutane a kan iyakar gona kamar kowane manomi, amma ko sau ɗaya ban ji ya ambaci bindiga a cikin fushi ba. In zai tafi gona mai nisa yakan rataye ta a kafaɗa, ya dawo ya mayar da ita inda take. Irinsa akwai 'yan kaɗan a ƙauyen, duk dattawa ne masu iyali da kowa ya sani. Wata shekara ɓarayin shanu sun taɓa zuwa burtali da rana tsaka za su kore dabbobin gari. Waɗannan dattawan suka fita suka harba sama, ɓarayin suka watsar da shanun suka tsere. Ba a zubar da jinin kowa ba, kuma labari ya bazu cewa ƙauyenmu ba wurin zuwa ba ne. Muka yi shekaru muna noma da kiwo hankali kwance.

Sai rigima ta tashi a wata ƙasar dagaci dabam, nesa da mu, tsakanin manoma da makiyaya, har aka rasa rai. Ba mu san waɗanda suka yi ba, ba mu da dangi a cikinsu. Amma ba a jima ba umarni ya sauko daga sama cewa duk mai bindiga a yankin ya kawo ta, mai takarda da marar takarda. Aka tara maza a ƙofar gidan dagaci, wasu jami'ai suka yi musu bayani cewa bindiga a hannun farar hula ita ce ke jawo fitina, tsaro aikin hukuma ne, za a kawo jami'ai kusa da mu, kuma ga lambar waya, duk abin da ya taso a kira, za a zo nan take. Ranar nan ina tace mai a tsakar gida ina jin Malam da ƙanensa suna ja-in-ja a zaure. Ƙanen yana roƙonsa ya kai bindigar wajen danginsu na tsallaken iyaka har ƙura ta lafa, yana cewa waɗanda ke cikin daji ba su zo taron dagaci ba, kuma ba za su kawo tasu ba. Malam ya ce shi ba zai yi wa hukuma ƙarya ba, liman ma ya yi huɗuba a kan yi wa shugabanni biyayya, kuma mutumin da ya yi kabbarar shari'a bai kamata a same shi da ɓoye-ɓoye ba. Washegari ya sauko da ita, ya goge ta da mai kamar yadda ya saba, ya naɗe ta a tabarma ya kai da hannunsa. Da ya dawo bai ci abincin rana ba. Sauran dattawan ma duk suka kai nasu.

Jami'an da aka ce za a kawo kusa, ba mu gan su ba. Damina ta wuce, kaka ta yi, gero ya yi kyau a shekarar. Muna da shanun huɗa guda biyu, manya, waɗanda su ne ƙarfin gidan: da su ake huɗa, da su ake jan amalanke, kuma su ne abin da za a sayar in wata babbar lalura ta taso. Rannan Malam ya tafi da su gona mai nisa don ya kwaso dammunan gero. Da azahar ta gabato na dama fura na ɗauka na kai masa da kaina, saboda yara suna makaranta. Na same shi ya kusa cika amalanken. Ya zauna a gindin wani gawo zai sha, sai muka ji ƙarar babura daga wajen daji. Mun ɗauka 'yan kasuwa ne masu bi ta ɓarauniyar hanya zuwa iyaka. Da suka matso na ga kowane babur mutum uku ne a kai, fuskokinsu naɗe da rawani, kowa da bindiga irin wadda nake gani a hannun jami'ai. Malam ya miƙe, na ga hannunsa ya tafi kafaɗarsa ta dama, inda ya saba rataye tasa. Hannun ya shafi riga kawai ya sauko.

Suka kewaye mu ba tare da wani gaggawa ba, kamar masu zuwa ɗaukar kayansu. Biyu suka sauka suka fara kwance shanun daga amalanke. Malam ya kama igiyar ɗaya yana roƙonsu da girman Allah su bar masa ko guda, ya ce da su yake ciyar da tsohuwa da yara. Wani dogo daga cikinsu, wanda muryarsa ta nuna yaro ne da bai kai ƙanen Malam ba, ya yi dariya ya ce, "Baba, ina bindigar taka? Ai mun ji kun kai wa gwamnati ajiya." Sauran suka tuntsire da dariya. Malam bai saki igiyar ba, ni kuma ina ta ce masa ya saki don Allah. Yaron nan ya ɗaga bindiga ya harbe shi a cinya, ko kallonsa bai tsaya yi ba, suka kora shanun suka bi hanyar da suka fito. Ba su rufe mini baki ba, ba su hana ni ihu ba, don sun san ko duk ƙauyen ya fito, da fartanya da gatari zai fito.

Na cire mayafina na ɗaure masa ƙafar, jini yana ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna. Na zaro wayarsa daga aljihu na kira ƙanensa, shi kuma ya shiga kiran lambar nan da aka ba su. Da farko ba a ɗauka ba. Da aka ɗauka aka ce motar ta fita wani aiki, a yi haƙuri, za a sanar da na gaba. Mutanen da ke gonakin kusa suka taho da gudu, yawancinsu mata masu kala, har da matar ƙanensa. Babu abin hawa, baburan ƙauyen duk suna kasuwa ranar. Muka zubar da dammunan geron, muka ɗora shi a kan amalanken, kuma tunda babu shanun da za su ja, mu muka ja. Ni da matar ƙanensa da wasu mata muna gaba, maza biyu tsofaffi suna turawa ta baya, cikin rairayi, ƙafar amalanken tana nutsewa muna ciro ta. Yana ta salati, can ya kira ni ya ce in ce wa Inna ta yafe masa. Kafin mu kai bakin kwalta ya daina magana. Ƙanensa ya tare mu da babur ɗin aro a daidai nan, ya ɗora hannu a ƙirjin Malam, ya ce mu tsaya haka nan, mu juya da shi gida.

Jami'ai sun zo, amma sai washegari, bayan an kai shi makwancinsa. Ina ɗakin takaba ina jin su a tsakar gida suna tambayar su nawa ne, wace hanya suka bi, wane irin babur. Sai na ji ɗaya daga cikinsu yana cewa ai mutanen ƙauye ma suna da laifi, a ce gari guda a shigo da rana a yi wannan ɓarna babu wanda ya tare su. Inna ta ɗaga murya ta ce, "Da me za su tare su, ɗana? Da muciyata? Abin tarewar ai yana wurinku." Suka yi mana gaisuwa, suka ce za a yi bincike, suka shiga mota. Har yau ban ji an kama kowa a kan jinin mijina ba, shanun kuwa ko ƙahonsu ba mu sake gani ba.

Daga nan ƙauyenmu ya zama wurin zuwa. Suka dawo suka kore tumakin wani maƙwabcinmu, suka sake dawowa suka tare mata a hanyar rijiya suka ƙwace musu wayoyi da 'yan kunne, abin da ya sami wata yarinya a ranar kuwa ba zan rubuta shi ba. Ƙanen Malam, wanda yanzu nauyin gidaje biyu ya dawo kansa, ya je wajen dagaci ya roƙi a dawo musu da bindigoginsu ko a ba su sabon izini. Aka ce masa magana ta fi ƙarfin dagaci. Ya je gaba, aka ce an dakatar da ba da izini har sai abin da hali ya yi. Ya gaji da zirga-zirga, sai ya je wajen wani maƙeri aka ƙera masa wata 'yar bindigar toka, yana kwana da ita a zaure. Ban san wanda ya kai rahotonsa ba. Abin da na sani, motar da aka ce ta fita wani aiki ranar da mijina ke zubar da jini, a wannan karon ba ta yi jinkiri ba. Da hantsi suka iso, suka fito da shi gaban 'ya'yansa, suka durƙusar da shi, suka ajiye bindigar a gabansa suka ɗauki hotonsa. Kafin yamma hoton ya zagaya wayoyin mutane da rubutun cewa an cafke ɗan fashin daji. Mutumin da aka kashe wa yaya, shi aka nuna wa duniya a matsayin ɗan fashi.

Da na fita takaba ni na riƙa zuwa Daura bin maganarsa, saboda matarsa tana da tsohon ciki. A nan ne idona ya buɗe, kuma a nan ne baƙin cikina ya koma fushi. Wata rana ina tsaye bakin titi da kwanon abincin da zan kai masa gidan yari, aka tsayar da mu don wani babban mutum zai wuce. Na ga motoci a jere, gaba da baya cike da jami'ai, bakin bindigoginsu ya leƙo ta taga, duk don tsaron mutum ɗaya. Wata rana kuma a bakin wani kanti na ga jami'i da bindiga a kafaɗa yana riƙe wa matar wani mai hali jakarta. Na tsaya ina kallo har mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya ce Hajiya mu tafi. Ashe su ma sun san bindiga tana tsare rai. Sun sani sarai, shi ya sa ba sa taka ƙafa waje sai da ita. Ran nasu ne ya cancanci a tsare, namu kuwa an ba shi lambar waya.

Akwai malamin islamiyyar matan aure da na fara zuwa bayan na dawo Daura da zama. Na taɓa tambayarsa matsayin mijina, ya ce in kwantar da hankalina, a addininmu wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko ransa ko iyalinsa shahidi ne, kuma kare kai halal ne ga kowane Musulmi. Na ce masa, to in addini ya halatta wa mutum ya kare kansa, wane ne ke da ikon ɗaure masa hannu sannan ya tafi ya bar shi? Sai ya ce Allah Ya shirya shugabanninmu. Na ce amin, amma ni ba amsar da nake nema ba ke nan. Mun yi murna da shari'a saboda an ce mana ta zo ta tsare rai da dukiya da mutunci. Ban ga inda aka ce a tsare su ta hanyar karɓe makamin mai gaskiya a bar na azzalumi ba.

Na san abin da masu ilimi ke faɗa, ina jin su a rediyo. Suna cewa in aka bar kowa ya riƙe bindiga, faɗan iyakar gona ma sai ya zama kisa, kuma ƙasa za ta rikice. Ni ban ce a raba wa kowa ba. Ban ce a ba mashayi ko mai taɓin hankali ko yaron da bai san ciwon kansa ba. A ƙauye babu wanda halinsa ke ɓoye. Mai unguwa ya san mai haƙuri, ya san mai zafin kai, liman ya san wanda ke zuwa sallar asuba. A tantance mutum, a rubuta sunansa, a koya masa ƙa'ida, in ya yi ɓarna da ita a hukunta shi hukunci mai tsanani. Haka muke zaune a da, kuma ba mu kashe juna ba. Rikicewar da suke jin tsoro kuwa ta riga ta zo, ni na ja ta a amalanke. Doka ba ta taɓa hana ɓarawo samun makami ba, don shi ba ya zuwa neman izini. Wanda take kamawa shi ne irin mijina, mai naɗe tasa a tabarma ya kai da hannunsa. Wasu kuma suna ce mini ai bindigar toka ba za ta yi komai ba a gaban irin nasu makaman. Wataƙila da tana kafaɗarsa ma da sun kashe shi, Allah ne Masani, kuma na yarda kwanansa ne ya ƙare. Amma na ji da kunnena abin da yaron nan ya faɗa. Sun yi shekaru suna kauce wa ƙauyenmu, ba su shigo ba sai da suka tabbatar babu abin da zai tashi a ciki. Ɓarawo ma yana son ransa.

Ƙanen Malam ya daɗe a tsare kafin a sake shi. Ya fito da tari da rama, kuma duk inda ya bi ana nuna shi da baki saboda hoton nan. Bai iya zama ba, ya kwashi iyalinsa ya tsallaka wajen danginsu. Inna ba ta ga fitowarsa ba, ta rasu yana tsare. Ni kuma yayana ya ɗauko ni da yara ya ba mu ɗaki a gidansa, ina ci gaba da ƙuli-ƙulina. Gonarmu mai nisa ta koma saura, don babu mai ƙarfin zuciyar zuwa noma ta, kuma gidaje da yawa a ƙauyen yanzu awaki ne ke kwana a cikinsu.

Abin da rayuwa ta koya mini shi ne, alkawarin tsaro ba tsaro ba ne, kuma wanda ya zo karɓar abin da kake kare kanka da shi ba ya nan ranar da za ka neme shi. Ba ina ce wa kowa ya je ya ƙero bindiga a ɓoye ba, kun dai ji yadda ta ƙare wa ƙanen mijina. Ina cewa ne ku daina yin shiru. Ku manoma da makiyaya na gaskiya, ku matan da mazajenku ke kwana a gona da ruga, ku buɗe baki ku nemi a ba mutumin kirki izinin riƙe abin da zai kare gidansa, a fili, bisa doka. Ku faɗa wa hakimai, ku faɗa wa malamai su faɗa a kan mumbari, ku faɗa wa masu zuwa neman ƙuri'a tun kafin su sauko daga mota. In kuma wata rana aka sake tara ku a ƙofar gidan dagaci aka ce ku kawo naku, to ku tambaye su cikin ladabi ko sun riga sun karɓo na mutanen daji, kuma wane ne zai kwana a garin daga yau. In suka miƙo muku lambar waya a maimakon amsa, ku sani ba zaman lafiya suka kawo muku ba, hanya suka share wa masu zuwa bayansu.